Wasiƙa a Buɗe ga Masu Karɓar Talla a Shafukan Sada Zumunta



'Yan'uwana masu tallata haja a TikTok da Facebook da Instagram, na rubuto ne game da wannan sana'a da Allah ya buɗe muku.

A da, mai kaya sai ya taka zuwa gidan rediyo, ya biya kuɗi, sashen talla ya saurari saƙonsa kafin a saka. Mai sauraro kuwa ya san inda labarai suka tsaya da inda talla ta fara. Yau mai atamfa a Kantin Kwari zai turo muku hoto da safe, kafin la'asar masu saye sun fara kiransa daga Maraɗi da Kumasi. Alheri ne babba, musamman ga matan da ke sana'a a cikin gida. Sai dai tantancewar da gidan rediyo ke yi a da, yanzu ta dawo wuyanku.

Kuɗin da mai kaya ke ba ku, kuɗin yardar da mabiyanku suka yi muku ne. Don haka shawarata ta farko: in an biya ku, ku faɗa. Kowa a kasuwa ya san dillali yana da la'ada, shi ya sa ake auna maganarsa kafin a sallama kuɗi. Wanda ya karɓi lada sannan ya ce "wallahi da shi nake amfani" alhali bai taɓa buɗe kwalbar ba, ya ci amana. A Oktoban 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa tauraruwa Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26, saboda ta tallata wani kuɗin intanet ba tare da ta bayyana dala 250,000 da aka ba ta ba. A Najeriya ma, dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON ta tanadi a tantance talla kafin a yaɗa ta, har da ta intanet.

Ta biyu, ku yi hattara da duk abin da za a sha ko a shafa. Kafin ku ɗaga robar kayan mata ko maganin basir gaban kyamara, ku nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC, ku kuma tambayi izinin talla, domin shi daban ake bayar da shi. Wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Ranar da aka kwantar da yarinya a asibiti, mai haɗa man ba a san gidansa ba, fuskarku aka sani.

Haka batun zuba jari. Kafar zuba jari ta MMM ta kulle kuɗin jama'a a Disambar 2016, takwararta CBEX ta rushe a Afrilun 2025, kuma kowacce ta bakin waɗanda aka yarda da su ta shiga gidaje. Duk wanda ya ce zai ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ku mayar masa da kuɗin tallarsa.

Ta uku, siyasa. A Janairun 2023 binciken BBC ya nuna yadda jam'iyyu a Najeriya ke biyan masu tarin mabiya a ɓoye don su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya. Ku sani, manhajojin nan suna fifita duk abin da zai riƙe idon mai kallo, zagi da ƙazafi kuwa sun fi bayani mai natsuwa riƙe shi. Shi ya sa ƙarya ke saurin tara jama'a. Tallata ɗan takara ba laifi ba ne: ku fito fili ku ce nasa ne ku, ku faɗi ayyukansa. Amma tsohon bidiyon rikicin wata ƙasa da aka liƙa wa sunan garinku yana iya jawo asarar rai, kuma wanda ya biya ku ba zai raka ku kotu ba.

Ina roƙonku, ku binciki kaya kafin ku karɓi aiki, ku bayyana ladanku, ku ƙi wanda zuciyarku ba ta kwanta da shi ba, ko nawa ne kuɗinsa. Allah ya sa albarka a nemanku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai fatan alheri.