Ƙirƙirarriyar basira da takardun da ke jibge a Samaru

A watan Oktoba na 2024 kwamitin Nobel ya ba Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin Google DeepMind rabin kyautar fannin sinadarai, saboda manhajar AlphaFold da ke hasashen siffar furotin, wato sinadarin da ke gudanar da ayyukan jikin mai rai. Aikin da kan ci wa ɗalibin digirin digirgir shekaru a kan furotin guda, manhajar ta yi shi ga sama da miliyan 200, ta kuma buɗe wa kowa kyauta. Duniya ta tafa. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda na'urar ta koyi wannan gwaninta. Tun 1971 masu bincike ke zuba sakamakon gwaje-gwajensu a rumbu guda, cikin tsari guda. Wahalar shekara hamsin ta mutane ce na'urar ta haɗiye.

Wannan batu ya shafi Zariya kai tsaye. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR ta koma ƙarƙashinta. Daga nan irin masara na SAMMAZ, dawa ta SAMSORG da gyaɗar SAMNUT suka fito. Daga nan ne kuma waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake, ya fito a 2019. Bayan kowane iri akwai lissafin damina bayan damina: ranar shuka, yawan ruwan sama, irin ƙasa, taki, cuta, da buhu nawa aka kwashe. A Shika ana da irin wannan a kan dabbobi, cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS kuma na da rahotannin malaman gona daga sassan ƙasar nan. Ƙara da kundayen digiri da ke jere a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Duk mai son gina manhajar da za ta ba manomin Arewa shawara, abincin da manhajar ke buƙata ke nan, kuma duk abin da ke kan takarda kawai na'ura ba ta san da shi ba.

A leƙa kasuwar Sabon Gari a tsakiyar damina. Manomi daga wajen Giwa ko Soba ya zo shagon maganin ƙwari da ganyen masara a leda, duk ramuka, ga kashin tsutsa kamar dusa a cikin kunnen. Mai shago ya juya ganyen, ya miƙo kwalba, ya ce murfi kaza a tanki guda. Wani lokaci ya dace, wani lokaci kuɗi ya tafi a banza. Akwai manhajar Nuru, wadda PlantVillage ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka ta gina tare da cibiyar binciken noma ta IITA da hukumar FAO, mai duba ganye ta kyamarar waya ta gane cutar rogo ko ɓarnar tsutsar masara da ta shigo Afirka a 2016, ko da babu intanet. Ta iya ne domin an nuna mata dubban hotunan da ƙwararru suka tantance. Gero, dawa, wake da tumaturin fadama, wanda tsutsar sharon ta yi wa kaca-kaca a Kaduna da Kano a 2016, su ma suna buƙatar nasu hotunan, kuma ƙwararrun da za su tantance su suna zaune a Samaru.

Sai dai a halin yanzu amfanin ƙirƙirarriyar basira da ya fi yawa a gari shi ne mafi arha. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, ɗalibi kan zauna a shagon buga takardu, ya sa ta rubuto masa babi na biyu na kundin digirinsa, har da sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba. Hana shi ba zai yiwu ba. Malami ya zaunar da shi ya kare abin da ya kawo, baki da baki, ya fi kowace doka.

Wuta ma matsala ce, ba a musu. Wanda ya ga duhun da ya rufe yawancin Arewa kwana da kwanaki a Oktoban 2024 ya san manyan na'urori ba za su zauna a nan da sauƙi ba. To amma ɗaukar hoton tsofaffin takardu da shigar da alƙaluma kwamfuta aiki ne da faranti mai amfani da hasken rana da ɗalibai ashirin za su fara. Masu binciken ƙungiyar HausaNLP sun nuna hanya, inda suka tattara rubutun Hausa suka tantance shi da hannu domin na'ura ta koya.

Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a sassauta ba: bayanan su zama mallakar jami'a, da yarjejeniya a rubuce, kar wani kamfani ya kwashe kyauta ya dawo yana sayar wa manoma. Hukumar jami'a, asusun TETFund da hukumar NITDA su ware kuɗin wannan aiki a kasafi mai zuwa, kafin gara da ɗigar rufi su riga su.