Liman da Likita: Darasi Daga Asibitin Worcester

A shekarar 1925, wani limamin Kirista mai suna Anton Boisen ya fara kai ɗaliban addini asibitin masu taɓin hankali da ke Worcester a Amurka. Shi ma ya taɓa jinyar wannan lalura. Ɗaliban kan zauna da majinyata, su saurare su, su rubuta abin da suka gani, sannan a tattauna da masana. Wannan horo ya bazu. A yau faston da ya samu irinsa yakan yi addu'a da mai damuwa, ya riƙe sirrinsa, amma da zarar ya ji batun kashe kai, sai ya miƙa shi ga likita.

Mu limamai ya kamata mu yi tunani. Mu ake fara kawo wa mai ƙuncin zuciya, sau da yawa kuma ruƙiyya kaɗai muke yi masa mu sallame shi. Alhali Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu kan maganin baƙin ciki da tsoro. Mu koyi sauraro, mu san iyakarmu. Neman magani ba ya rage tawakkali.