Lafiya Uwar Jiki: Idan Rabin Allo Ya Ɓace

Wannan makon za mu duba wata matsalar gani da tabarau ba ya maganinta.

A ce ɗaliba na kwafar darasi, sai ta ga walƙiya na gilmawa ta damanta, ko rabin allo ya dushe, ciwon kai ya biyo baya. An auna idonta, lafiya lau. To ina matsalar take?

Ido ɗaukar hoto kawai yake yi. Mai fassara hoton ita ce ƙwaƙwalwa, a sashenta da ke ƙeya. Ɓangaren hagu ke kula da abin da ke damanka, na dama kuma abin da ke hagunka.

A ƙa'ida, jinin da zuciya ta harbo yakan ratsa wasu jijiyoyi da suka fi gashi siranta, ƙarfinsa ya ragu, kafin ya shiga jijiyoyin da ke mayar da shi. Amma akan haifi wasu da curin jijiyoyi a harɗe, babu waɗannan siraran, sai jini ya riƙa zarcewa da ƙarfinsa. Likitoci na kiran wannan AVM. Idan curin yana ƙeya, yakan tauye wa sashen gani jini, ya jawo farfaɗiya, ko ya fashe.

Kada hankalinku ya tashi. Masu wannan larura ba su kai 1 cikin 100 ba, kuma yawancin walƙiya mai zuwa da ciwon kai, ciwon ɓarin kai ne kawai. Sai dai alamunta sun fi bayyana tsakanin shekara 10 zuwa 40, kun ga ke nan ta shafe ku.

Ga gwaji mai sauƙi: rufe ido ɗaya ka duba, sannan ka rufe ɗayan. In gefe guda ne ya ɓace a duka biyun, ko kullum walƙiyar ta gefe ɗaya take zuwa, gaya wa iyayenka su kai ka asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI ne ke gano curin, kuma ana maganinsa ta hanyar tiyata, ko toshe jijiyoyin, ko ƙona su da haske na musamman.

Amma matsanancin ciwon kai na farat ɗaya, da amai, sanƙarewar wuya ko mutuwar ɓarin jiki, ba ya jiran gobe. A garzaya asibiti nan take.

Malamai kuma, yaron da ke tsallake rabin layi in yana karatu, a bincika kafin a ce masa malalaci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.