Wa Ya Ce Matan Arewa Ba Ruwansu Da Siyasa?

Jama'a, akwai wata tsohuwar magana da manya su ke so mu haɗiye ba tauna. Wai macen Arewa ba ruwanta da siyasa, wai haka halinmu ya ke, ba irin na Kudu ba. Mu mun ce ƙarya ce, ga kuwa shaida.

A zaɓen Tarayya na 1959 matan Jihar Gabas da na Yamma sun jefa ƙuri'a. A Jihar Arewa maza kaɗai aka yardar wa. Shugabannin NPC suka ce al'ada da addini ne suka hana. To, madalla! Mu ƙetara iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Can dokar Faransa ta 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Hausawa ne kamarmu, alƙibla ɗaya, tuwo ɗaya. Ashe addinin a Jibiya ya tsaya?

Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shugabanci matan NEPU, aka ɗaure ta har sau 16. In mata ba su da ra'ayi, tsoron me aka ji?

Ra'ayi kam suna da shi, har ya kan saɓa da na mazansu. Namiji ya kan tambaya wa zai hau kujera. Mace mai dama fura, mai suyar ƙosai, mai zubin adashi, tambayarta nawa kwanon gero, ina magani, ina ruwan sha. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wannan tambaya ce manya ba su son ji.

Sai 1976 aka ba matan Arewa ƙuri'a, a 1979 suka cika layi. Amma kujera fa? A watan Maris 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi ware wa mata kujeru. Bayan zaɓen 2023, cikin sanatoci 109 mata huɗu ne, ba ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas. Ran zaɓe a zo da turmin atamfa da sabulu, ran rabon muƙami a ce su koma cikin gida.

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa, duk wanda ya zo neman ƙuri'ar iyayenmu mata da sunan Arewa, ku tambaye shi mata nawa jam'iyyarsa ta tsayar. In ya kama kame-kame, ku mayar masa da sabulunsa.