Ƙarfin Inji Ba Shi Ne Ƙarfin Mota Ba

Ba ma goyon bayan samarinmu da ke kai mota mai turbo a taɓa kwamfutarta don inji ya ƙara ƙarfi, a bar giyabos ɗin otomatik yadda kamfani ya ƙera shi. Kowane giyabos da iyakar abin da zai ɗauka. In an wuce, fayafayan kulocin ciki su soma zamewa, mai ya ƙone. Wata rana tsakanin Argungu da Augie ka taka totur, inji na ruri, mota tsaye. Gyara kuwa sai an sayar da buhunan shinkafa.

Mu ma mu duba kanmu: zumuɗin fitar da littafi inji ne, karatu da tacewa su ne giyabos. Kada mu ɗora wa jaki kayan raƙumi.