Raddi Ga Mai Cewa Bakin Yahudawa Ɗaya Ne

Wani malami ya rubuta cewa Yahudawan ƙarni na ashirin, tun daga talakawan Sarkin Rasha har zuwa attajiran Landan, bakinsu ɗaya ne a kan neman Falasɗinu, kuma wai hukumar Ingila 'yar amshin shatarsu ce kurum. Wannan da'awa, ko da yake tana da daɗin ji a majalisa, ba ta tsayuwa idan aka nemi dalilinta.

A shekarar 1897, wadda Herzl ya tara Sahyoniyawa a Basel, a cikinta ne ma'aikatan Yahudawa suka kafa ƙungiyar Bund a birnin Vilna, suna masu cewa ba za su bar inda aka binne kakanninsu ba, sai dai su nemi haƙƙinsu a nan cikin daular Rasha. Shi ma masanin tarihi Dubnow, iyakar muradinsa al'ummarsa ta riƙe makarantunta da harshenta da kanta. Hatta bayan kisan gillar da aka yi wa Yahudawa a Kishinev a 1903, da firgici ya tayar da jama'a, galibin waɗanda suka ɗaure kayansu jirgin Amurka suka shiga, ƙalilan ne suka sauka a Yafa ta Falasɗinu. Da yawa daga malaman Yahudawa kuwa sun yi fatawar cewa kafa daula kafin bayyanar Almasihu shisshigi ne ga hukuncin Ubangiji.

Malamin ya kafa hujja da alkawarin Balfour na 2 ga Nuwamba, 1917, wanda Ingila ta yi wa Yahudawa a kan Falasɗinu. Haƙiƙa zalunci ne a yi kyauta da ƙasar da tara cikin goma na mazaunanta Larabawa ne, ba tare da shawartarsu ba, kuma ba na sassauta wannan ko kaɗan. Amma ya kamata ya sani cewa wanda ya fi kowa jayayya da alkawarin a cikin ministocin Ingila shi ne Edwin Montagu, Bayahude, Sakataren Harkokin Indiya, domin tsoron kada kowace ƙasa ta ce wa Yahudawanta su baƙi ne, su tattara su tafi.

Saura zancen amshin shata. Wace irin biyayya ce ta sa Ingila, a 1939, Hitler na bakin ƙofa, ta ƙayyade Yahudawa masu shiga Falasɗinu ga mutum 75,000 cikin shekara biyar? Ko kuwa malamin ya manta cewa a Yulin 1946 mayaƙan ƙungiyar Yahudawa ta Irgun sun tarwatsa ofishin gwamnatin Ingila a otal ɗin King David da ke Ƙudus, rayuka 91 suka salwanta, Larabawa da Turawa da Yahudawa?