Mutumin da aka ce ba shi da baiwar zane



Wannan makon zan yi magana a kan darasin da muka fi rainawa a makarantar nan, wato zane-zane. Kowa ya san yadda muke yi da shi. In lokacinsa ya yi, wasu su ɗauko aikin gida na lissafi, wasu su kifa kai a benci, wani lokacin ma a karɓe mana lokacin a ba wani darasin da aka ce ya fi muhimmanci. Ni ma na yi. Abin da ya sa na sake tunani shi ne tarihin wani Bature mai suna David Shepherd.

An haife shi a Landan a shekarar 1931. Tun yana yaro burinsa ya zama ma'aikacin gandun daji a Afirka. Da ya gama sakandare sai ya tafi Kenya neman wannan aiki, aka ce masa ba a buƙatarsa. Ya ɗan yi aikin karɓar baƙi a wani otal a bakin teku, sannan ya koma gida hannu rabbana. Ya nemi shiga makarantar koyon zane ta Slade a Landan, nan ma aka duba aikinsa aka ce ba shi da baiwa. Da ni ne, da a nan zan ajiye buroshi. Shi kuwa sai Allah ya haɗa shi da wani mai zane, Robin Goodwin, wanda ya ɗauke shi almajiri ya koyar da shi har shekara uku.

A nan nake so mu tsaya kaɗan. Sau nawa muka ji wani a aji yana cewa, "Ni ban iya zane ba, ba a halicce ni da shi ba"? Ba wanda yake faɗin haka a kan karatun Hausa ko lissafi, domin mun san koyonsu ake yi. To me ya sa zane kaɗai za a ce sai wanda aka haifa da shi? Masana sun yanke wa Shepherd hukunci sun yi kuskure, kuma abin da ya ƙaryata su shi ne shekara ukun da ya yi yana zama gaban malami kullum.

Da jiragen sama ya fara suna. A 1960 rundunar sojan sama ta Ingila ta kai shi Kenya, a can ne ya yi zanensa na farko na naman daji, wato karkanda tana bin jirgi a filin sauka. Daga nan sai giwaye, har aka riƙa kiransa mutumin da yake son ƙattai. Amma abin da ya juya rayuwarsa ba daɗi ba ne. A ƙasar da yau ake kira Tanzaniya ya iske wani tafki da ɓarayin mafarauta suka zuba wa guba, ga gawar jakunan dawa 255 zube a gefensa. Tun daga ranar ya ɗauki aniyar biyan dabbobin da suke ciyar da shi. Zanensa na damisar Indiya ya tara fam 127,000 a 1973 domin aikin ceto wannan dabba, kuma a 1984 ya kafa gidauniyar kare namun daji mai ɗauke da sunansa, wadda take aiki har bayan rasuwarsa a 2017.

Ba kowa ne ya yaba masa ba. Masu sharhin zane da dama sun ɗauki aikinsa a matsayin kayan kasuwa, irin hoton da ake bugawa dubbai a rataya a falo. Akwai kuma tambayar da ni kaina take ci mini tuwo a ƙwarya: yaya aka yi giwar Afirka sai da baƙo ya zo daga Ingila ya zana ta kafin duniya ta dube ta? Sai dai da na yi tunani, ban ga laifinsa ba. Giwayen nan suna Yankari a Jihar Bauci, raƙuman dawa suna Kure kusa da Yamai a Nijar, tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara. Ba wanda ya riƙe mana hannu.

Kuma ba sai an je Yankari ba. Ku tambayi iyayenmu yadda ungulu take cika kwata a da. Yau yaushe rabon da ku ga ko ɗaya? Ta ɓace a gaban idonmu, kuma yawancinmu ba mu lura ba, saboda ba mu saba kallon abu da kyau ba. Wannan shi ne amfanin zane da nake ganin ya fi kuɗi. Wanda zai zana belbela dole ya zauna ya ƙirga, ya ga yadda take lanƙwasa wuya, ya san inda take kwana da lokacin da take bin shanu. Ranar da ta ragu, shi zai fara sani. Irin wannan idon ne likita yake buƙata, da injiniya, da malamin gona.

Na san wasu za su ce ai akwai magana a addini kan zana abu mai rai. Gaskiya ne, kuma ba ni da ilimin da zan yi fatawa. Wannan na malamanmu na addini ne, a tambaye su. Amma ban taɓa jin wanda ya hana zana kuka ko giginya ko dutse ko gajimaren damina ba, kuma itatuwan nan su ma gatari yana cinye su ana yin gawayi.

Don haka ina roƙon hukumar makaranta ta bar mana lokacin zane ya zama na zane, a kuma yarda malaminmu ya riƙa fita da mu bayan aji ko sau ɗaya a wata. Fensir da takarda sun isa. Mu kuma a ƙungiyar 'yan jarida mun ware gefen dama na wannan allo: duk wanda ya zana wata bishiya ko wani wuri na cikin makarantar nan, ya rubuta sunansa da ajinsa a baya, ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis.